Aƙalla Sha Shida

Tishigu, Tamale
Litinin

Yaya Abdul-Mumin,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Baba da mutanen asibitin ƙauye. Wayarka ba ta shiga, shi ya sa na ba mai babur wannan takarda.

Yaya, tsoro nake ji. Ka san na'urar da ofishinmu ya maƙala wa firjin maganin saran maciji, wadda ke kuka idan sanyi ya ragu. Ni na rubuta littafin bayanin da Sidiki, mai tsara manhajarmu, ya bi. Akwai wani ma'ajin lamba, int_fast16_t. Ƙa'idarsa ita ce: mafi sauri a kowace na'ura, mai faɗin aƙalla bit sha shida (bit shi ne ma'aunin girman ma'ajin). Na gwada a kwamfutata, na ga sittin da huɗu, sai na goge "aƙalla sha shida" na rubuta abin da idona ya gani. A 'yar na'urarku kuwa sha shidan ne cif.

A ciki Sidiki ke ƙirga mintuna. Idan suka wuce 32,767, wato kafin kwana ashirin da uku su cika, lambar za ta juye ƙasa da sifili, na'urar ta daina auna sanyi. Don Allah ka kashe ta ka sake kunnawa. Yaushe kuka fara kunna ta?

Ƙanwarka,
Fadilatu

*

Laraba

Fadila,

Wa alaikumus salam. Ke dai tun kina yarinya inuwarki ma tsoro take ba ki. Ni aikina batir da farantin sola, bit ɗinki ban san da me ake cin shi ba. Nas ta ce kada kowa ya taɓa, ban taɓa ba.

Yau kwananta ashirin da bakwai, lafiya lau. Da can awon sanyin da ke allon na'urar yana yawo, digiri uku, biyar, shida. Yanzu tun ƙarshen makon jiya ya zauna a huɗu, ko motsi babu. Har ran Asabar da hadari ya rufe rana batir ya yi ƙasa, bai gusa ba. Ki gaya wa Sidiki ya iya aiki.

Kada hankalinki ya tashi, kububuwa ta sari Baba jiya a gonar doya. An yi mishi allura nan take daga firjin naku. Yana kwance, dasashinsa na ɗan jini, nas ta ce mu jira.

Yayanki,
Abdul-Mumin

*

Tishigu
Alhamis

Yaya,

Salamu alaikum. Firji mai aiki ba ya zama a lamba ɗaya. Huɗun da kake gani ita ce ta ƙarshe da na'urar ta auna kafin ta makance, kuma Asabar ɗin da ka ambata ta zo bayan haka. Ka nuna wa nas wannan takarda, ka ce laifin nawa ne. Ku kashe, ku kunna, ku karanta. Ban iya cin komai ba tun da na ga sunan Baba.

Allah ya ba shi lafiya.
Fadilatu

*

Alhamis, la'asar

Fadila,

Mun kunna. Digiri talatin da ɗaya. Firjin ya mutu, ba mu san tun yaushe ba.

Jinin Baba bai tsaya ba, nas ta ce zafi ya lalata maganin da aka yi mishi. Nas ta rubuta sunan maganin a bayan takardar nan. Ki samo sabo cikin ƙanƙara, ki hau bayan mai babur ɗin, ya ce zai jira ki. Littafin naki ya jira.

Baba yana tambayarki.

Abdul-Mumin