Yayana na sayar da ƙasar gonarmu tifa-tifa

Assalamu alaikum jama'a. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya kai ni maƙura.

Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Roni. Da Baba ya rasu ya bar mana gona ɗaya, ba a raba gado ba, ni nake noma ta, a nan Inna da ƙannena suke ci. Gonar ta gaji lokacin da na karɓe ta, gero ko gwiwa ba ya kaiwa. Duk rani sai na roƙi wani Bafulatani abokina ya zaunar da shanunsa a ciki, ni in ba shi kara da harawa, shi ya bar min taki. Na hana kowa sare gawo. A hankali ƙasar ta yi baƙi, har masu wucewa suna tsayawa kallon dawata.

Yayana ma'aikaci ne a Kazaure, rabonsa da fartanya tun muna yara. Ranar nan na je gona na tarar da tifa da leburori suna lodin ƙasa, kusurwar gabas ta zama rami, in ka shiga ba a hango kanka. Direban ya ce Yaya ne ya sayar musu da ƙasa, ciko ake yi da ita a wasu shaguna. Ƙasar da na yi shekaru ina ciyarwa, ita za a danne da siminti a riƙa sayar da lemo a kai.

Na sami Yaya cikin ladabi, na durƙusa na gaishe shi. Ko kunya bai ji ba, wai shi ma yana da rabo a ciki, kuma noma wahala ce, damina ɗaya ramin zai cike. Mutumin da duk kaka motarsa ke zuwa ɗaukar buhun gero ne yake gaya min haka.

Mai gari ya ce ba shi da ikon hana shi sai in an raba gado a kotu. Na gaya wa Inna, sai ta ce, "In ka tsaya gaban alƙali da yayanka, ban yafe maka ba."

Ita ba ta taɓa zuwa ta ga ramin ba, ƙafa ta hana ta. Masu tifa kuma sun ce za su dawo kafin ruwa ya sauka, wannan karon wajen da shanu suka kwana bana suke so.

To jama'a, in bi maganar Inna in zuba ido a kwashe abincinta, ko in kai ƙara in ci gaba da ciyar da uwar da ba ta yafe min ba?