Man Gwiwar Mama

Zuwa ga Kakata, Kaka Asabe,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Wata bakwai ke nan da kika tafi hutawa, kuma ina da labarin da na fi iya faɗa a takarda, kin san bakina.

Bayan girbin citta gwiwar Mama ta tashi. Bikin godiyar girbi a coci saura sati uku, ita ce kuma mai jan rawar zumuntar mata. Ta ce bana sai dai ta zauna a benci.

Na tuna kina haɗa citta da barkono ki shafa mata. Sai na daka, na tafasa a ruwa, na tace, na shafa kwana huɗu. Ko ɗumi ba ta ji ba. Baba ya ce miya na dafa wa gwiwa. Na shiga bayan rumbu na yi kuka.

Ran Talata malamar kimiyya, Malama Rifkatu, ta kawo kwalabe uku aji: ruwa, sifirit irin na wanke ciwo, man gyaɗa. Ta zuba garin barkono a kowace, ta girgiza. Ruwan ya ɗan yi duhu kawai, garin ya kwanta a ƙasa. Sifirit ya yi ja, man kuwa ja wur. Ta ce sinadarin da ke yaji a barkono ba ya son narkewa a ruwa, mai yake bi ko sifirit, wasu sinadaran kuma ruwa ke fito da su.

Kaka, nan take na ga ƙaramin kaskonki a gefen murhu, man kaɗanya na narkewa a hankali. Ni da nake tsammanin don santsi kike sa shi. Na ji muryarki: "Ruwa na shayi ne, Saratu, wannan sai mai."

Malama ta tambaya ko akwai wanda ya taɓa ganin haka a gida. Ban ɗaga hannu ba.

Da na dawo na wanke kaskon, na narka man kaɗanya, na zuba citta da barkono a ciki. Wuta kaɗan, kamar yadda kike yi, na tace da tsohon ɗankwalinki. Mama ta ce ya yi zafi irin naki.

Ran Lahadin bikin ta ja rawa tun daga ƙofar coci har gaban bagadi, da kwandon citta a kai. Tana ɗan ɗingishi, amma ba ta zauna ba. Matan suka tambaye ta wa ya ba ta magani, ta nuna ni da haɓa. Na rufe fuska da littafin waƙa.

Yanzu mata biyu sun aiko da gwangwani in zuba musu man. Ubangiji ya ƙara miki hutu, ya sa kada in ƙona man.

Jikarki,
Saratu