Ƙofar Gidana ta Nakkasa Tana Jiran Bango

Zuwa ga:
Mai Girma Shaihu Awwalu Abdulilah,
Shugaban Kwamitin Sulhu na Jama'ar Hausawa,
Misfala, Makka.

Daga:
Alhaji Sabo Mai Tsire,
a da Nakkasa, yanzu Shisha, gidan surukina.

Kwanan wata: Talata, 14 ga Rajab 1446 (14 ga Janairu 2025)

Game da: Ƙorafi a kan Muhannad ɗan marigayi Taha, wanda ya sayi gidajen shaƙatawa a bakin teku da diyyar gidana

Ranka ya daɗe,

Bayan sallama da gaisuwar girmamawa, da fatan Allah ya ƙara wa Shaihu lafiya da haƙurin jama'a, ina gabatar da wannan ƙorafi. Ban yi boko ba, ban zauna a madarasa ba. 'Yata Rabi'atu ce ke riƙe da biro, ni ke faɗa, kuma na hana ta gyara mini magana.

Shaihu ya san ni, amma takarda ba ta san ni ba, don haka zan faɗa mata. Na baro ƙasar Damagaram a ƙafa ina ɗan shekara goma sha uku. Shekara bakwai na yi a hanya: na ratsa Chadi, na tsinci auduga a Sudan, na ƙetare tekun Bahar Maliya daga Sawakin a jirgin katako. Mu arba'in da ɗaya muka shiga, talatin da huɗu muka sauka, a shekarar 1388. Tun ranar ban sake kwana inda ake jin ƙarar ruwa ba. Shekara hamsin na yi ina gasa tsire a Misfala, kuma har yau ba a haifi wanda ya iya haɗa yajina ba. Abin da ya same ni shi ne:

1. A shekarar 1399 na gina gida mai ɗaki biyar a kan dutsen Nakkasa. Mota ba ta hawa wurin. Kowane bulo a kaina ya hau, matakala ɗari biyu da goma sha huɗu, matata marigayiya Hajo tana biye da ruwan kwaɓin siminti. Da yake iƙama gare ni, wato takardar zaman baƙo, ba ni da takardar ɗan ƙasa, sai muka yi yadda namu ke yi a lokacin: aka rubuta gidan da mitar wuta da sunan aminina Taha, abokin tafiyata tun daga Sudan, wanda Allah ya ba takardar ƙasa. Bayan sallar La'asar muka zauna da shaidu huɗu, Taha ya furta da bakinsa cewa suna nasa ne, gida na Sabo ne, aka shafa Fatiha. Ba mu rubuta ba. A lokacin, neman rubutu a wurin mutumin da kuka raba ruwan salka ɗaya zagi ne.

2. Taha ya riƙe amana har ya koma ga Allah a watan Shawwal 1437. Takardun suka faɗa hannun ɗansa Muhannad. Wannan yaro a cinyata aka raɗa masa suna. Da uwarsa ta yi jinyar shekara biyu, a ɗakin Hajo ya kwana. Ranar sadakar uku ta ubansa ya sumbaci goshina a gaban jama'a, ya kira ni Ammi, wato baffa, ya ce maganar ubansa maganarsa ce.

3. A watan Sha'aban 1444 aka shafa jan fenti a bangona, aka ba mu wa'adin tashi. Ban yi jayayya da hukuma ba, kuma ba ita nake ƙara ba. Kafin motar rusau ta iso, na ɓalle ƙofar gidan da hannuna, ta ƙarfe ce, koriya, na sauko da ita a kaina ta matakalar da na hau da bulo. Ina da shekara saba'in da shida a lokacin. Samari huɗu sun tsaya suna kallo, ban nemi hannun kowa ba.

4. Diyya ta fita a watan Muharram 1446, da sunan Muhannad. Ba daga bakinsa na ji ba, a masallaci na ji. Wata uku yana ce mini ana bin takardu. Ran 9 ga Rabi'us Sani ya zo da wani dillali mai ƙamshin turare, suka buɗe mini waya suna nuna hotuna: wani sabon gari na shaƙatawa a bakin Bahar Maliya, fararen gidaje, da tsibiri a gabansa inda ake kai mutane a kwalekwale. Dillalin ya yi ta bayani cewa farashin gida a can yana hawa kowane wata, masu hali na Jidda suna rububi, hayar Alhamis da Juma'a kaɗai ta fi hayar wata a Shisha, kuma duk mai hankali yanzu ruwa yake bi, ba dutse ba. A nan na gane an riga an saya. Gida biyu, duka da sunan Muhannad.

5. Wannan sakin layi shi ne ya hana ni barci, ranka ya daɗe. Muhannad ya ce bai manta da ni ba. Ya tanadar mini ɗaki a ƙasan benen, kusa da wurin ajiye motoci, in riƙa miƙa wa masu haya makulli, in duba musu ƙofa. Wato gadi. Ya kira shi hutu da iskar teku. Ni da na ga an jefa mutum bakwai a cikin ruwan nan, ɗaya daga cikinsu ubana, kuma Taha ne ya riƙe ni ranar. Muhannad ya san labarin, a cinyata ya ji shi.

6. Tun da aka rushe unguwanninmu haya ta yi tashin da mai tsire ba ya kamo ta. Maƙwabtana sun watse, wasu sun koma bayan iyakar Harami. Ni kuwa wata ashirin da uku ke nan ina kwana a ɗakin baƙi na surukina. Mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaure fuska ba. Amma Shaihu Bahaushe ne, ya san abin da ake nufi da dattijo ya yi tari da asuba surukinsa yana ji. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, sai ya fita aiki.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon Kwamiti:

Ya kira Muhannad ya zauna a gaban dattawa. Ya kira Malam Hashimu mai ɗinki, wanda shi kaɗai ya rage cikin shaidu huɗu. A gaggauta, domin ƙafarsa ta kumbura kuma ya fara mantuwa. A tambaye shi abin da Taha ya faɗa bayan La'asar.

Ba na neman gidajen ruwa, ya riƙe su, Allah ya sa su yi ta hawa. Ina neman ya sayar da ɗaya, ko ya yi yadda zai yi, ya samar mini ɗaki guda a cikin iyakar Harami, wanda ba mai tashina sai mai ɗaukar rai. A wannan karon a rubuta, Kwamiti ya buga hatimi, a ba Rabi'atu kwafi. Hajo a Makka take kwance. Ban yi tafiyar shekara bakwai don a kai ni bakin teku in mutu ba.

Ƙofar da na ambata tana jingine a saman benen surukina, makullinta yana wuyana. Duk Juma'a nakan hau in shafa wa mariƙanta mai. Lafiyarta lau, bango kawai take jira.

Ina jiran kiran Kwamiti da dukkan biyayya. Allah ya ja zamanin Shaihu, ya sa gaskiya ta fito ta hannunsa.

Naka mai ladabi,

Alhaji Sabo Mai Tsire
(dangwalen babban yatsan dama)
Ta hannun 'yarsa, Rabi'atu Sabo