Hayaƙi Bakwai na Tsibirin Brimey

Laraba, 2 ga Oktoba, 1974

Jirgin ruwan wasiƙa ya samu ya tsaya yau. Wasiƙar Torleif ta iso, irin ta kowace shekara. "Yaya Sunneva, ranar ƙirga ɗaya ga Nuwamba ce. Na san ba za ki ba ni kunya ba." Shi ke nan, har da gaisuwar. A kan farar takarda mai tambarin Majalisar Tarayya, wai don in san ƙanena ya zama wani abu. Ni da na goya shi bayan rasuwar Mama, na share masa majina har ya yi wayo.

Dokar tana nan yadda take: tsibirin da bai tayar da hayaƙi bakwai ba ranar ƙirga, ya rasa kujerarsa a majalisa, a kwashe mutanensa a kai Storey, babban tsibiri. Mu kuwa gida huɗu muka rage a Brimey. Nawa, na Eyvind, na Gudrid da mijinta Hallvard, sai na tsohuwa Asta. Sauran ukun ni ke hura su a gidajen da masu su suka watse. Shekara tara ke nan ina wannan aikin, don Torleif ya ci gaba da zama a kujerar tsibirin da rabonsa da kwana a cikinsa har na manta.

Juma'a, 4 ga Oktoba

Na kwashi busasshiyar ƙasar wuta, wadda muke yankowa a fadama mu ƙona a madadin itace, kwando shida na kai tsofaffin gidajen. Bayana kamar zai tsage. Tsuntsaye sun sake toshe bututun hayaƙin gidan su Orm da sheƙa.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Babu fasto, teku ta hana. Mun taru mu biyar a coci, Eyvind ya karanta abin da ya karanta, yana tari.

Rediyo na ta shirin bikin cika shekara goma sha uku da samun 'yanci. Wani mai zaƙin murya yana ba yara tarihi: yadda Kamfanin Sarki ya riƙe tsibiranmu biyar shekara ɗari biyu, yadda muka haɗu muka zama Tarayyar Norla. Bai faɗi wanda ya ƙirƙiro ƙirgar hayaƙi ba. Gwamnan Kamfani ne, mutumin da ƙyamar taka ƙasarmu ta sa yake tsayawa a jirgi a ƙirga masa hayaƙi daga nesa. Kowane hayaƙi, namiji ɗaya, shekara biyu a jiragen kamun kifin Kamfani. Namu suka karɓi mulki, suka canza tuta, suka canza hoton da ke jikin bango, ƙirgar kuwa suka rungume ta kamar gadon uba. A da muna kashe wuta don kada a gan mu. Yanzu muna hura ta ƙarya don a gan mu. Wannan shi ne 'yancin da na gani da idona.

Talata, 8 ga Oktoba

Tunanin yayana Sigvat ya hana ni sakat tun Lahadi. A 1931 ina da shekara goma sha takwas. Ranar ƙirga Baba ya yayyafa wa murhu ruwa, ya bar ɗan garwashi a tukunya a ƙarƙashin gado, muka wuni muna karkarwa a cikin barguna. Ko zaren hayaƙi bai fita daga gidanmu ba. Duk da haka bayan sati biyu suka zo da sunan gidanmu a takarda, suka tafi da yayana Sigvat. Ko gawarsa ba mu gani ba.

Baba ya ce ai wani ne ya kai tsegumi, kuma babu wanda ke hango ƙofarmu sai mahaifin Eyvind. A lokacin Eyvind ya riga ya yi magana a kaina. Na mayar masa da zobensa a cikin ƙyallen da ya naɗo shi. Ya ce, "Ba mu ba ne, Sunneva." Ban ko juya ba.

Me ya kawo wannan yanzu? Tsufa ne kawai.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Eyvind bai fito duba tumakinsa ba. Na aiki Gudrid ta leƙa, ta dawo ta ce jikinsa zafi rau, numfashi da ƙyar. Ta ce, "Goggo, ke fa kin fi ni sanin magani." Da cikinta na wata bakwai tana haki a ƙofata. Na dafa romon tunkiya na kai. Rabona da shiga ɗakin nan shekara arba'in da uku, ko da yake muna gaisawa a hanya kamar mutane. Ya buɗe ido ya ce ashe sai ya kusa mutuwa zan kawo masa miya, da ya sani da tuni ya kwanta. Na ce ya sha ya rufe mini baki.

Asabar, 12 ga Oktoba

Hallvard ya kira Storey ta wayar iska. Likita ya ce a kawo shi. A kawo shi ta ina? Jirgi ba ya iya matsowa dutsenmu in teku ta tashi, sai dai a sauke mutum da igiya cikin kwalekwale, shi kuwa Eyvind ko zama ba ya iyawa. Matsayar jirgi da Torleif ya yi mana alkawari tun zaɓensa na farko, har yau ƙarfe huɗu ne a kafe, sun yi tsatsa, tsuntsaye na kashi a kai.

Na karɓi wayar na sa aka nemo mini Torleif. Ya ce maganar tana gaban kwamiti. Ya ce manyan tsibirai ne ke danne ƙanana, in yi haƙuri, baɗi in Allah ya yarda. Na ce baɗin nan tun ina da haƙora nake jin sa.

Talata, 15 ga Oktoba

Iska. Jirgin likita ya zo har muna hango fitilarsa da rana tsaka, ya yi ta kewaye, ya juya.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Eyvind ya rasu da hantsi. Ina wurin.

Asabar, 19 ga Oktoba

Mun binne shi mu huɗu. Hallvard ya haƙa, ni na karanta addu'ar, tunda mai karanta mana shi ne a cikin akwatin. Asta ta yi ta mita wai na yi sauri. Da muka je kintsa ɗakinsa na ga ƙyallen nan a cikin gwangwanin shayi. Ban buɗe ba. Na san abin da ke ciki.

Kafin ya cika ya sake faɗa, da 'yar muryar da ta rage masa. Ba su ba ne. Na ce masa ya bar maganar, ta wuce. Ban ce na yarda ba. Ina da damar in faɗa, ko da ƙarya ce, ban faɗa ba.

Litinin, 21 ga Oktoba

Torleif ya kira. Ya yi ta'aziyya, ya ce Eyvind mutumin kirki ne. Har na fara jin sanyi a raina. Sai ya ce, "To Yaya, kin ga yanzu huɗu za ki hura ke nan. Gidan nasa ma ai bututun na da kyau."

Na miƙa wa Hallvard wayar na fita. Da na tsaya, da abin da zan faɗa duk masunta da ke kan layin sai sun ji.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Ba zan hura ba. Na rubuta a nan don kada in janye.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Na faɗa musu bayan coci, don ba ni kaɗai abin zai shafa ba. In an ga hayaƙi uku, Brimey ta tashi daga lissafi, a kwashe mu.

Gudrid ta fashe da kuka, ashe na murna ne. Ta ce tun ranar da jirgin likita ya juya ba ta ƙara barcin kirki ba, tana tunanin ranar haihuwarta. Hallvard ya yi ta murza hula, ya ce shi dai kada a ce da hannunsa. Namiji ke nan. Asta kuwa ta wanke ni tas. Ta ce mijinta da 'ya'yanta biyu suna kwance a bayan cocin nan, wa zai cire musu ciyawa? Ta ce ni da ban taɓa aure ba me na sani game da barin kabari. Na ce in tana so ta ɗauki kwando ta hura da kanta. Ta san ba za ta iya ba, ni ma na sani, kuma ban ji daɗin kaina ba.

Ni ba tafiya nake so ba. Wutar gidanmu tun ta kakata ce, ba ta taɓa mutuwa ba, ko ranar da Baba ya ɓoye ta a tukunya. So nake sau ɗaya a rayuwata a ƙirga mu yadda muke, Torleif ya tashi a gaban majalisa ya faɗi inda sauran suka tafi da abin da ya kore su.

Alhamis, 31 ga Oktoba

Na kwaso ƙasar wutar da na kai gidajen nan, na juye wa Asta a ƙofa. Ba ta ce sannu ba.

Juma'a, 1 ga Nuwamba

Gari garau, ko gajimare babu. Na hau kan dutse tun da safe. Hayaƙi uku, a miƙe, yaro ma zai ƙirga. Jirgin gwamnati ya ɓullo wajen ƙarfe goma, ya kewaya sau ɗaya kamar yadda ya saba, ya yi ƙaho, ya wuce. Na ce shi ke nan, na kashe Brimey da hannuna. Na yi kuka a wurin, ba zan ɓoye ba.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Rediyo ya karanto sakamako da rana. Storey kaza, Vestey kaza. "Brimey, hayaƙi bakwai."

Na zaci kunnena ne. Gudrid ta shigo ba ko sallama, ta ce ita ma haka ta ji.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Hallvard ya dawo daga jirgin wasiƙa da labari. Mai dafa abincin jirgin tsoho ne, ya yi aiki a jirgin ƙirga tun zamanin Kamfani. Da Hallvard ya tambaye shi, dariya ya yi har da riƙe ciki. Ya ce wa ya gaya muku ana ƙirgawa? Takardar a cike take tun kafin jirgi ya bar Storey. Gwamnati na bukatar ƙuri'ar Torleif, saboda haka Brimey bakwai ce ko da teku ta haɗiye ta. Ya ce a zamanin Gwamna ma haka ne: Kamfani ya faɗi yawan mazan da yake so, akawu ya bi tsohon jerin gidaje ya cike. Shi bai taɓa ganin mai ƙirga ya ɗaga kai ya dubi tsibiri ba, suna ciki suna shan kofi.

Na sa Hallvard ya maimaita na ƙarshen. Ya maimaita, yana mamakin abin da ya same ni.

Shekara tara ina jan kwando a banza, wannan da sauƙi. Babu wanda ya kai tsegumi. Babu wanda ya ma dube mu.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Na je bayan coci, kabarin Eyvind. Na faɗa masa na yarda. Ƙasa ce kawai da duwatsu, me za ta ji.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Wasiƙa ba ta zo ba sai waya daga Torleif. Wai, "Na gode, Yaya, na san ba za ki ba ni kunya ba." Ko dai bai sani ba, ko ya sani. Ban tambaya ba. Na ce masa ina da aiki.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Teku ta kwanta. Gudrid za ta bi jirgin yau ta zauna wurin 'yar'uwarta a Storey har ta haihu, kuma ba ta da mai riƙe ta a kan igiya in Hallvard yana kwalekwale. Rakiya ce kawai zan yi. Sati biyu, ko uku. Asta ta ce ita tana nan, na bar mata tumakina da busasshen kifin da ke rataye, ta karɓa ba ta dube ni ba.

Na ɗauki tukunyar Mama, don ba na son girki a tukunyar mutane. Da hoton Sigvat. Da gwangwanin shayin, tunda babu mai shi.

Gudrid ta tambaya ko in kai wa Asta garwashi ta riƙe mini wutar kafin in dawo. Na ce ta bari, nauyi ne a kan tsohuwa. Da na duba murhun ma ta riga ta mutu, ban rufe ta da toka ba jiya. Mantuwa ce, ina ji.

Ai a takarda tana ci.