Na Ƙona Buhun Gyadar, Inna

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum, Inna. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Ni ce Sa'a. Kin san ba na iya magana a gaban mutane, shi ya sa na rubuta.

Yanzu na san sunan abin da ya kashe ki. Fumfuna ce.

Ina tuna ki a tsakar gidanmu na Ƙofar Sauri, kina bakacen gyadar ƙuli-ƙuli, wata koriyar ƙura tana tashi tana shiga hancinki. In na toshe nawa sai ki yi dariya ki ce, "Wuta za ta cinye dattin ai." Ba mu san tana tsiro a huhunki ba.

Wata da watanni kina shan maganin tarin fuka, alhali ba shi ba ne. Da aka gano, sai aka ɗaura miki wani ruwa mai ruwan ɗorawa. Yana kashe fumfunar, yana cin ƙodarki. Na ga ƙafafunki sun kumbura har silifas ya ƙi shiga. Tsayawa kawai na yi a bayan Gwaggo.

Makon jiya malamarmu ta kimiyya ta ba mu labarin wani abu da masana ke haɗawa, wai shi folima. Dogon zare ne da ido ba ya gani, dangin abin da ake yin roba da shi. In ya shiga jiki yakan wuce tsokar mutum bai taɓa ta ba, ya je ya manne wa ƙwayar fumfuna, ya huda fatarta ta fashe. Inna, na ji daɗin kalmar nan, fashe. Na ɗaga hannu, karo na farko tun shigata sakandare, na tambaya ko yana barin ƙoda. Ta ce burin ke nan, amma har yanzu gwaji ake yi.

Ban yafe wa fumfuna ba. Ina son wata rana in ga fashewarta da idona, ɗaya bayan ɗaya, da zaren da na haɗa da hannuna.

Amma ba zan iya jiran ranar ba. Yau da safe Gwaggo, wadda ta gaji kaskonki, ta kawo buhun gyada mai warin fumfunar nan. Ta ɗauko faifanki, kuma ta fara 'yar tari. Da ta shiga alwala na ja buhun bayan gida, na zuba kananzir, na ƙyasta ashana. Ta mare ni. Na ce mata, "Ba za ta ƙara cin kowa a gidan nan ba." Daga baya ta ce gobe in raka ta asibiti a duba ƙirjinta.

Kin yi gaskiya, Innata, wuta tana cinye dattin. Da ma tun a buhu muka sa ta.

Allah ya haskaka kabarinki, ya sa ciwon ya zama kaffara, ya ba ni ilimin da zan rama miki.

Taki har kullum,
Sa'a