Anten a Ƙarƙashin Ƙwarya

Daren Laraba, unguwar Zariya, Maraɗi

An sake ɗauke kuran, ba lantarki ko'ina. Gari duk zancen tazarce ake, ni kuwa ta anten, wato eriya, nake.

Na'urar da na kafa a gonar Baba Ilu a Jiratawa, mai aika mashi saƙo ta salula in ruwan kanal ya ja baya, ta yi shiru. Anten ɗin bai kai ɗan yatsa ba, amma a teburina rezo biyu na layin waya yake kamawa, namu da na Najeriya. Na hau kabu-kabu raina a ɓace, sai na tarar ya kife ta da tukunyar dalma.

"Baba, ƙarfe toshe rezo yake!"

Ya ce, "Ɗana, rana da awaki fa? Mu nan abin da muke so shi muke rufewa."



Da na dawo na roƙi Inna ƙwarya. Ta yi dariya, wai karatun injiniya ya ƙare a ƙwarya. To, ya ƙare ɗin! Gobe zan sake yanka tagullar anten ɗin, in daidaita shi a ƙarƙashin ƙwaryar, tunda ita ba ta toshe rezo. Baba zai rufe abinsa, kuma saƙo sai ya fita.