Shayin da Ya Zube a Jadawalin Bashi

Aminina Dogo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Yaya gwiwar taka? Mu lafiya lau, sai ɓarnar da na yi da hannuna.

Ka san jadawalin biyan bashin keken ɗinkina da banki ya ba ni, layi-layi: wata, uwar kuɗi, kuɗin ruwa, saura. To, a kansa nake ɗora kofi, jiya na ture shayi ya wanke shi. Na ce bari in busar da dutsen guga, gefe ya ƙone. Uwar yara ta ce ko ajin da na tsaya a firamare ma alfarma aka yi mini.

Autata kuwa kwanan nan ko abinci ba ta ci. Aikinta a kamfaninsu yi wa na'urori masu ƙirƙirarriyar basira jarrabawa: a nuna musu hoton jadawalin bashi, a tambaye su saura nawa. Hotunanta fes-fes ne, kowace na'ura sai ta cinye. Shugabarta ta ce jarrabawar da ba mai faɗuwa aikin banza ce, in ba ta gyara ba a bakin aikinta. Da Auta ta ga takardata sai ta yi tsalle, ta sa na ɗauki hoton takardar da tsohuwar wayata. Ya fito a karkace, ga babban yatsana a gefe. Ka taya mu addu'a.

Naka,
Tela

Aminina Dogo,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiya, albishirinka!

Auta ta bi layinmu ta karɓo takardun bashin mai walda da mai faci, duk maiƙo da lanƙwasa, ta rufe sunaye, ta zauna da biro ta fitar da amsoshin gaskiya. Na'urori suka yi ta zubewa. Wata ta ɗauki kuɗin ruwa a matsayin saura, wata ta tsallake layi, wata kuma, Allah ya yi mata albarka, ta ce na gama biya. An tabbatar da Auta a aiki, Dogo! Yatsana ne a shafin farko na rahotonta. Ni da ban gama firamare ba, ga ni ina kayar da ɗalibai.

Na tafi banki da amsar mutuniyar tawa, na'urar da ta ce na gama biya. Ma'aikacin ya yi dariya har ya cire tabarau, ya bugo mini sabon jadawali. Auta ta ce ai wannan na'urar ce ta zo ta ƙarshe a jarrabawar. Ni dai har gobe ita nake so. Bashi kuwa yana nan daram, na rataye jadawalin a ƙusa, nesa da kofi.

Ka gaida mutanen gida.

Naka har kullum,
Tela